Za Ta Ci Gaba da Karatunta

Akwai wata magana da nakan ji a kusan duk zaman neman auren da aka gayyace ni a 'yan shekarun nan. Bayan an gaisa, an gabatar da goro da alawa, an yanke sadaki, sai waliyyin yarinya ya gyara zama ya ce, "To, saura magana guda. Yarinyar nan tana makaranta, muna so ta ƙarasa." Kafin ya rufe baki wakilan ango sun amsa, "Ai wannan ba komai, za ta ci gaba da karatunta." Sai a shafa fatiha a watse. Na sha zama cikin masu amsawar, kuma shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce haka aka amsa a madadina. A duk zaman nan ban taɓa jin wanda ya tambaya wa zai dafa abincin rana a ranar da take da lakca tun takwas na safe har huɗu na yamma ba, ko wa zai riƙe jariri ranar jarrabawa, ko daga aljihun wa kuɗin mota zai riƙa fitowa.

Ƙannena, da ku nake, ku da kuka yi aure ɗayanku ko ku duka biyu kuna makaranta, ga aiki ko sana'a, ga sabon gida. Dattawan da suka yi alkawarin nan a zaure sun koma gidajensu. Ku aka bar wa biyan bashin, kuma kullum garin Allah ya waye sai an biya wani abu daga ciki, da lokaci, da gumi, da barcin da aka rage.

Bari in ba ku labarin yadda ni na ci wannan bashi, don har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

A lokacin ina koyarwa a wata sakandare, ina kuma haɗa digiri a ƙarshen mako. Maiɗakina tana shekara ta biyu a kwalejin ilimi. Muna zaune a ciki da falo a gidan haya, girki a risho, ruwa sai an tsayar da mai garuwa. Ɗanmu na fari yana da wata bakwai, yana fama da zazzaɓin haƙori. Wani dare bayan sallar isha'i na shigo da abokaina uku da suka zo daga garinmu, ban aiko ba, ban sanar ba. Na leƙa ɗaki na same ta a kan tabarma, yaro a bayanta yana ƙananan koke-koke, littafi buɗe a gabanta. Na san sarai gobe tana da jarrabawa, don da safe ta faɗa mini. Na ce, "Na yi baƙi, a sa mana tuwo." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Malam." Ta zari tsinken tsintsiya ta sa a shafin da take, ta rufe littafin, ta fita. Tuwon masara ne da miyar kuka, bai sauka ba sai wajen goma da rabi. Muka ci muka yi hira har sha biyu, ita kuma ta yi wanke-wanke.

Wajen ƙarfe uku na farka. Tana zaune ta jingina da bango, fitilar ƙwai a gefenta ta kusa cinyewa, yaro a kan nono, littafin a cinyarta, barci ya kwashe ta kanta ya langaɓe. Na kalle ta na ɗan lokaci, na juya na ci gaba da barcina. Kwas ɗin nan ta faɗi, sai da ta maimaita shi a shekara ta gaba. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Sai bayan shekaru da yawa, muna hira, ta gaya mini cewa a daren nan ta yanke shawarar barin makarantar, mahaifiyarta ce ta hana ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a lokacin ban ga laifina ba ko kaɗan. Kallon mutumin kirki nake yi wa kaina, domin na bar matata tana karatu. Haka nake faɗa a majalisa, "Ni ai na bar ta." Ku kula da kalmar nan, samari, domin a nan ɓarakar take. Wanda ya ce ya bar ta, yana nufin ya buɗe ƙofa ne kawai ya koma gefe. Karatun ya zama nata ita kaɗai, wani abu da za ta yi da ragowar lokacin da ya saura bayan shara da girki da wanki da raino da tarbar baƙi. In kuwa babu abin da ya saura, sai ta yanka daga barcinta. Gidan da aka yarda a cikinsa cewa ɗaya zai yi karatu, gidan gaba ɗaya ne ya shiga makaranta. Jarrabawarta ta shafi abin da za a ci a makon nan, ta shafi lokacin da za ka dawo gida, ta shafi ko za ka shigo da baƙi ko za ka tsaya da su wajen mai shayi ka saya musu ƙwai da burodi. Da na yi hakan a daren nan, da abokaina ba su rasa komai ba.

Na san abin da ke hana da yawanku sa hannu. Gudun kada a ce mijin-ta-ce ne, ko maƙwabta su hango ka tsugune kana wanke tukunya a tsakar gidan haya. Ni ma wannan kunyar ce ta riƙe ni shekaru. Amma ku tambayi malamanku abin da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labari game da zaman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin gidansa. Yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce a gidan Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, kuma daga cikin gidan auren ta yi rubuce-rubucenta da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta shirya mata malamai da ake kira jaji suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Nakan tuna da Giɗaɗo duk lokacin da ake yabonta, domin irin wannan aiki ba ya yiwuwa a gidan da ake ganin alƙalamin mace ɓata lokaci ne.

Zamaninku ya fi namu tsanani ta fuskar kuɗi, wannan ba na musu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama wani babban baki a cikin gida, yana ci tare da ku. Ɗalibar da ke zaune a Hotoro ko Mariri, tana karatu a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, sai ta keta birnin Kano daga gabas zuwa yamma, ta sauka daga wannan Adaidaita Sahu ta hau wancan, ta kuma maimaita da yamma. A shekarar 2023 ɗin dai jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rijista. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma kun fi ni sanin kwana nawa yake kaiwa, ballantana masu aiki a shago ko makarantar kuɗi da ba su ma kai nan ba. Shi ya sa nake cewa tun wajen neman gidan haya ku sa makaranta a lissafi. Ɗaki guda kusa da makaranta ya fi fulat mai kyau a ƙarshen gari, in dai abin da za a ɓatar a hanya kullum awa uku ne da rabin kuɗin cefane.

Ku zauna da biro da takarda, ku biyu, a farkon kowane zangon karatu. Na san a al'adarmu namiji ba ya son matarsa ta san abin da yake samu, har wasu na ganin faɗar albashi zubar da girma ne. Amma matar da ba ta san cewa dubu tamanin ke shigowa ba, za ta yi ta lissafi a kan dubu ɗari biyu, in ka ce babu ta ɗauka rowa ce. Ku rubuta haya, da abinci, da gas ko gawayi, da ruwa, da kuɗin mota, da data, da kuɗin buga takardu, da rijista mai zuwa. Rijista ba ta zuwa ba zato, an san watanta, don haka a shiga adashi a karɓi kwasa daidai lokacin. In da hali, da kaka a haɗa kuɗi da 'yan'uwa a je Dawanau a sayo buhun masara ko wake a raba, ya fi awon kwano-kwano a tsakiyar damina. Masu karatu a makarantun gwamnati kuma su bincika bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, babu ruwa a kansa, amma bashi ne, a shiga da sanin za a biya.

Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama a wuyan miji suke, haka shari'a ta ce, kuma abin da mace ta samu a ɗinkinta ko albashinta ko cincin da take sayarwa a aji nata ne. In ta sa a cefane, kyauta ta yi, a gode mata da baki, kada a mayar da shi farilla har ranar da ba ta bayar ba a ɗaure fuska. Ke kuma ƙanwata, in Allah ya hore miki, kada ki ga mijinki yana nishi da kaya ki ce ai nauyinsa ne. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Akwai wasu yara biyu ma'aurata a layinmu da nake jin daɗin kallonsu. Shi yaron shago ne a Kantin Kwari, daga Litinin zuwa Asabar. Ita tana aji uku a jami'a. Wata rana na shiga duba shi da ya yi rashin lafiya, na ga takarda manne a bayan ƙofar falo. Jadawalin lakcarta ne, da hannunsa ya kwafe, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin Talata da Alhamis. Na tambaye shi, ya ce, "Kawu, ranakun nan takwas take shiga, to ni ke ɗora ruwan zafi in dama koko kafin in fita, ita ta shirya yarinya." Ranar Lahadi suke soya miyar mako, shi ya kai markaɗe ya dawo, ita ta soya ta sosai da mai yadda za ta kwana biyu ko uku ko babu wuta, tunda firji a unguwarmu ba abin dogaro ba ne. Shinkafar rana tun asuba take shiga kula. In makon jarrabawa ya zo, ya ce mini, ba a ɗora tukunya da dare, yakan biyo da gurasa ko awara ko ƙosai, kuma ya gaya wa abokansa kada kowa ya zo.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya faɗa daga baya. Shi ma yana da difloma, yana son ya ɗora. Sun zauna sun auna, suka ga kuɗi da lokaci ba za su ɗauki karatu biyu a tare ba, sai suka yi yarjejeniya ita ta fara gamawa, in ta fita bautar ƙasa ta fara karɓar alawus, shi kuma ya nemi gurbi a Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN, inda zai iya karatu yana shago. Sun ma san cewa hukumar bautar ƙasa tana ba matar aure damar a turo ta jihar da mijinta yake, sun tanadi takardun aure tun yanzu. Ba kowane gida ne zai bi wannan tsari ba. Wani gidan mijin ne ya kamata ya fara, wani kuma za su iya tare. Abin da na riƙe daga wajensu shi ne sun faɗa wa juna da baki, kowa ya san layinsa, babu mai jira yana ƙunci a ɓoye.

A lissafinku ku bar wa abin da ba ku da iko a kansa wuri. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Na san ma'aurata da suka tsara cewa sai ta gama za su haihu, yajin aiki ya mayar da shekara huɗu ta koma shida. In irin haka ta faru kada ɗaya ya huce a kan ɗaya.

Yanzu ke, ƙanwata. An raine ki a kan cewa haƙuri shi ne adon mace, kuma gaskiya ne zaman aure ba ya yiwuwa sai da shi. Amma shirun da maiɗakina ta yi a daren nan bai amfane ta ba, bai amfane ni ba. Da ta ja ni gefe ta ce, "Malam, gobe jarrabawa, ga yaro ba lafiya, don Allah a nemo musu wani abu a waje," wataƙila da na ji haushi na minti biyar, amma da na farka shekaru goma kafin lokacin da na farka. Maza da yawa ba mugunta ke sa su yin abin da suke yi ba. Sun tashi a gidan da abinci ke fitowa daga madafa a kan lokaci, ba su taɓa tambayar yadda aka yi ba. Ki faɗa masa, cikin ladabi, kuma tun da wuri. Ranar da jadawalin jarrabawa ya fito ya kamata ya gani. Ki kuma rage wa kanki kaya. Ba kowane biki ne sai kin je kamu da wuni da walima ba, ba kowane anko ne sai kin yi ba. Ki je ki yi Allah-sanya-alheri ki dawo, masu ƙaunarki za su fahimta.

In kuma Allah ya ɗaga ki kika wuce shi a karatu, ki tuna da kokon da ya dama da kuɗin motar da ya ƙirga miki a tafin hannu shi ya tafi kasuwa a ƙasa. Na ga gidajen da suka jure talauci da jarrabawa, sai ranar da takardar shaida ta shigo suka fara tsagewa, saboda harshen matar ya canja. Irin wannan ke sa wasu mazan tsoron karatun mata, kuma ƙannenki da ke tafe su ke biyan kuɗin.

Maganar dangi kuwa, aikinka ne kai miji. In Hajiya mahaifiyarka ta ce matarka ba ta zuwa gaishe ta, ko ƙannenka sun zo sun tarar ba a yi girki ba sun kai rahoto, kada ka bar yarinyar mutane ta kare kanta a gaban surukai, ba za ta iya ba, kunya ba za ta bar ta ba. Kai za ka je ka durƙusa ka ce, "Umma, jarrabawa take yi, ni na ce ta zauna, ranar Juma'a in sha Allahu za mu zo tare." Kuma ranar Juma'ar ku je. Uwa in ta ga ba a raina ta ba, sau da yawa ita ce za ta ce a kawo mata jikan ta riƙe.

Haihuwa ita ce babbar jarrabawar wannan zama. Kwana arba'in na wankan jego babban yanki ne na zangon karatu, kuma makarantu da yawa ba sa barin wanda bai halarci kashi 75 cikin ɗari na lakca ba ya zauna jarrabawa. In lissafi ya nuna haihuwa za ta faɗo a tsakiyar zango, a je sashe tun da wuri a rubuta takardar neman ɗage karatu, a karɓi amsa a rubuce. Zango guda da aka ɗage bisa ƙa'ida ya fi kwasa-kwasai shida da aka faɗi. Ku je asibiti tare ku yi magana da ma'aikatan lafiya a kan tazarar haihuwa, ba abin kunya ba ne. Wanda ke aikin gwamnatin tarayya ya sani tun 2021 an amince wa maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. A karɓe shi, kuma a yi shi a cikin gida, ba a rumfar masu zuwa barka kaɗai ba.

Wani abu kuma da ba na iya yin shiru a kansa. Da yawa in raino ya yi nauyi sai a aika ƙauye a ɗauko yarinya 'yar shekara tara ko goma ta riƙe jariri. Nakan gan su a gindin bishiyoyi a harabar makarantu, goye da 'ya'yan da suka kusa rinjayarsu, suna jiran anti ta fito daga aji. Yarinyar nan ita ma 'yar wani ce, ita ma lokacin karatunta ne. In kun ɗauko ta, ku sa ta a makaranta, ko ta yamma ce, da islamiyya, ku saya mata littafi kamar yadda kuke saya wa kanku. Ina jin tsoron ilimin da aka gina a kan jahiltar da 'yar wani.

A cikin duk wannan guje-guje kada ku manta ku mata da miji ne. Gajiya takan mayar da mutum biyu kamar 'yan haya a ɗaki ɗaya, kowa ya shigo ya faɗi a katifa ya kama waya. Ko minti goma sha biyar ne bayan isha'i, a kife wayoyin, a sha shayi tare, ka tambaye ta me malamin nan mai tsanani ya ce yau, ta tambaye ka yaya aka kwashe da maigidanka a shago. Ni sai da maiɗakina ta kai shekarar ƙarshe na fara karɓar littafinta ina yi mata tambayoyi daren jarrabawa, tana amsawa tana ninke kayan yara. Har yau takan ce a duk zamanmu babu dararen da ta fi so kamar waɗannan.

Watan jiya aka zo neman auren 'yar ƙanena, ni ne waliyyi. Tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya. Da na kawo maganar makaranta, wakilan ango suka amsa yadda aka saba. Na gode musu, na roƙi alfarma a turo mini yaron shi kaɗai. Washegari bayan la'asar ya zo, ya zauna a ƙasa kansa a sunkuye. Na tambaye shi ko ya san za a riƙa tura ta aikin dare a asibiti, ya ce bai yi tunanin wannan ba. Na tambaye shi ko ya iya dafa shinkafa, ya ce a'a. Na ba shi labarin tuwon masara da tsinken tsintsiya, duka, ban rage komai ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Baba, a ba ni jadawalinta in gani." An sa biki bayan ƙaramar salla, kuma na ji an ce yana shiga madafa wajen mahaifiyarsa duk ranar Lahadi.